Ga Fili Ga Mai Doki: Yadda Ake Gwada Bindigar da Aka Ce Ba Ta Kuskure

Duk wanda ya buɗe takardar tallan bindigogin farauta na Amurka ko na Turai a yau zai ci karo da wani alkawari da ya zama tamkar gaisuwa a bakin masu ƙera su: wannan bindiga tana harbi ƙasa da MOA ɗaya. Haruffan nan uku sunan wani ma'aunin kusurwa ne, kashi ɗaya cikin sittin na digiri guda. A nisan yadi 100 kusurwar tana buɗewa ta kai inci ɗaya da ɗan ɗoriya, ko kuma kusan santimita 2.9 a nisan mita 100. Abin da ake nufi shi ne, in ka girke bindigar daram, ka auna wuri guda ka yi ta harbi, tazarar da ke tsakanin huda biyu mafiya nisa da juna a jikin takarda ba za ta wuce inci ɗaya ba. Wannan tarin huda shi zan riƙa kira gungu.

To, harbi nawa ne ke cikin gungun? A nan gizo ke saƙar. Kamfanin Weatherby, alal misali, ya rubuta sharaɗinsa a fili: harbi uku a yadi 100, da harsashinsa ko wani mai inganci, gungun kuma kada ya wuce inci 0.99. Wannan gaskiya ce, ba a ɓoye komai ba. Sai dai mai saye yakan ɗauki wannan magana ya faɗaɗa ta da bakinsa, har ta koma "bindigata inci ɗaya take yi, safe da yamma". Shi ya sa masu harbin allo suka daɗe da wata al'ada ta kashe bakin irin wannan mutum. Sai a ce masa ga fili ga mai doki: takarda ɗaya, gungu biyar a jere, harbi biyar a kowane gungu, a zama ɗaya, a gaban shaida, kuma duk hudar da ta fito a lissafa ta. Mujallar American Rifleman ma da irin wannan ma'auni take gwada bindigogin da take sharhi a kansu, gungu biyar masu harbi biyar, sannan ta buga matsakaicinsu. Masu cika baki da yawa sukan koma gida da takarda a naɗe.

Ni ba maharbi ba ne. Abin da ya ja ni ga wannan batu shi ne aikina na injiniyan gini, inda rabin rayuwata ta tafi wajen duba sakamakon gwajin kankare. Ana zuba ƙananan tubala daga kwaɓin da za a yi gini da shi, a bar su kwana 28, sannan a matse su a inji har su fashe don a san ƙarfinsu. Na sha ganin ɗan kwangila ya shigo ofis da sakamakon tubala uku masu kyau, fuskarsa wasai, alhali an zuba goma sha biyu. In ka tambayi sauran tara, sai ka ji ɗaya an yar da shi a mota, ɗaya yaro ne bai jijjiga shi da kyau ba, ɗaya injin ne ya yi gardama. Da na fara karanta muhawarar masu harbi, sai na ga ashe maganar ɗaya ce, tufafinta kawai aka sauya. Su ma suna da harbin da suke kira "wanda ya ɓalle": hannuna ne ya motsa, iska ce ta kaɗa, wannan ba laifin bindiga ba ne. Wataƙila haka ne. Amma ba a taɓa jin wanda hannunsa ya motsa harsashin ya faɗa tsakiyar gungu ya ce a cire wannan ba.

Ko da babu wanda ya cire komai, gungun harbi uku yana da wata larura ta lissafi. Kowace bindiga tana watsa harsashinta ne a kewayen wani wuri, mafi yawa kusa da tsakiya, kaɗan can gefe. In ka harba uku kawai, da wuya ka ga na gefen. Duk harbin da ka ƙara kuwa, ko dai ya bar gungun yadda yake ko ya faɗaɗa shi, ba ya taɓa rage shi. Wani masanin ƙididdiga da ya yi aiki da rundunar sojan Amurka, Frank Grubbs, ya wallafa jadawalin wannan a 1964, kuma abin da ke cikinsa ba ya buƙatar digiri kafin a gane: bindigar da matsakaicin gungunta na harbi uku inci ɗaya ne, za ta ba da kusan inci 1.3 a harbi biyar, da kusan inci 1.6 a harbi goma. Bindigar ba ta canza ba, maharbin ma haka. An dai ba ta damar nuna halinta ne.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Gungun harbi uku ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yau ƙarami, gobe babba, da bambancin da ya haura kashi ɗaya cikin uku na matsakaicinsa. Ɗauki bindigar da ainihin matsakaicinta inci ɗaya da rabi ne a harbi uku, wato wadda ba ta cika alkawarin ba. Kusan sau ɗaya cikin biyar, sa'a kaɗai za ta ba ta gungun da bai kai inci ɗaya ba. Kwalin harsashi mai guda 20 yana ba da gungu shida. In ka yi lissafi, damar mai ita ta samun aƙalla gungu ɗaya abin nunawa a kwali guda ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari. Sai ya yanke wannan ɗan guntun takarda da almakashi, ya rubuta kwanan wata, ya sa a aljihu. Bai yi ƙarya ba, domin shi ya harba, kuma hudar ga ta nan. Sauran biyar ɗin ne suke kwandon shara. Masana mantiƙi suna da wani labarin barkwanci na gwanin harbin Texas, wanda ke ɓarin wuta a jikin bangon rumbu, sannan ya je da fenti ya zana da'ira a inda huda ta fi taruwa. Mai guntun takarda ƙanensa ne.

Kada a ɗauka wannan gardamar masu abin hannu ce kawai. Waccan bindiga, in aka ba ta harbi goma, gungunta zai kusanci inci 2.4 a yadi 100, wato sama da inci bakwai a yadi 300, tun kafin a sa iska da bugun zuciyar maharbi a lissafi. Wurin da harsashi zai sami barewa ta faɗi nan take bai fi faɗin faranti ba. Mutumin da ya gaskata takardar aljihunsa zai harba daga nisan da bai kamata ba, dabbar ta tsere da rauni a ciki ko a cinya, ta je ta mutu a hankali cikin daji.

Har bajintar da ta fi kowace a wannan fanni tana nuna rawar da sa'a ke takawa. A 1973 wani Ba'amurke, Mac McMillan, ya harba biyar a yadi 100 a gasar harbin kan teburi, aka auna gungun ya zama inci 0.009, kusan huda ɗaya ke nan. Shekara arba'in ana ƙera bindigogi da suka fi tasa, dubban gwanaye suna gwadawa, ba a karya wannan tarihi ba sai a 2013, lokacin da Mike Stinnett ya yi inci 0.0077. Babu mai hankalin da zai ce bindigar McMillan "inci 0.009 take yi". Su kansu 'yan wannan gasa sun san haka, shi ya sa kambunsu na ainihi yake tafiya ga wanda matsakaicin gungunansa da yawa ya fi ƙanƙanta.

Tarihin bindiga yana da harbi ɗaya tak da ya fi kowace takardar aljihu shahara. Ranar 2 ga Yuli, 1860, a filin Wimbledon da ke Landan, Sarauniya Biktoriya ta buɗe gasar farko ta ƙungiyar masu harbi ta Birtaniya. An girke bindiga ƙirar Whitworth a kan mazauni na ƙarfe, an riga an daidaita mata saiti, aka ɗaura igiyar siliki a kunamarta. Sarauniya ta ja igiya, harsashi ya sami allon ƙarfe a nisan yadi 400, inci ɗaya da kwata daga tsakiya. Talla ce da kuɗi ba ya saye. A matsayin hujja kuwa, nauyinta bai wuce na harbi ɗaya ba.

Hujjar Joseph Whitworth ta gaskiya ta riga wannan rana da shekara uku, kuma ita ce ta sa nake girmama mutumin. Injiniya ne na Manchester, wanda ya tsara ma'aunin zaren kusoshi da Birtaniya ta bi tun daga 1841, kuma ya ƙera na'urar da ke auna kashi ɗaya cikin miliyan na inci. A 1854 gwamnati ta nemi ya haɗa mata injinan ƙera bindigar soja ta Enfield. Sai ya ce ba zai yi injin da zai haifi dubban bindigogi ba alhali babu wanda ya san dalilin da ya sa wata ke harbi daidai wata kuma ba ta yi. Aka gina masa rufaffen zaure mai tsawon yadi 500 a gidansa, inda iska ba ta shiga, ya riƙa kafa bindiga a mazauni don a fitar da hannun mutum daga lissafi, yana sauya abu ɗaya a kowane gwaji. Abin da ya fito da shi bututu ne mai kusurwa shida a ciki, mai faɗin inci 0.451 maimakon 0.577 na Enfield, wanda ke murɗa harsashi zagaye ɗaya a kowane inci 20, inda Enfield ke buƙatar inci 78.

A watan Afrilu na 1857 aka haɗa bindigogin biyu a makarantar koyon harbi ta soja da ke Hythe. Ma'aunin da aka yi amfani da shi a can ya fi na masu talla na yau hankali. Ba a dubi huda biyu mafiya nisa kawai ba. An nemo tsakiyar gungun, aka auna nisan kowace huda daga nan, aka ɗauki matsakaici, ta yadda kowane harsashi yana da bakin magana. A yadi 500 matsakaicin kaucewar Whitworth bai kai inci biyar ba, na Enfield kuwa ya haura ƙafa biyu. A yadi 1,400 Enfield ta daina samun allon, ta Whitworth tana nan tana samu har yadi 1,800. In tazara ta kai haka, ba a buƙatar masanin ƙididdiga.

Gwaji a kan mazauni yana faɗin halin bindiga ita kaɗai. Ƙalubale tsakanin mutane wani abu ne dabam, kuma wanda ya fi burge ni shi ne na Creedmoor. A 1873 tawagar Ailan ta ci garkuwar Elcho, gasar harbin nesa da ake yi tsakanin ƙasashen tsibiran Birtaniya, da bindigogin John Rigby na Dublin, waɗanda ake ɗura wa albarushi da harsashi ta baki. A lokacin, ra'ayin gwanaye a Birtaniya shi ne bindigar da ake ɗurawa ta baya tana da sauri, amma ba za ta taɓa kamo mai ɗuri ta baki wajen harbin nesa ba. Jagoransu, Manjo Arthur Leech, ya aika da wasiƙa aka buga a jaridar New York Herald yana ƙalubalantar maharban Amurka. Wata ƙaramar ƙungiya ta New York, wadda mambobinta ba su saba da irin wannan nisa ba, ta ce ta karɓa.

Dubi yadda aka ɗaure maganar tun kafin a ɗaga bindiga. Nisa uku ne, yadi 800 da 900 da 1,000. Kowane mutum harbi 15 a kowane nisa. Bindiga kada ta wuce nauyin fam goma, babu madubin hange, babu mazauni. Amurkawa dole su yi amfani da ƙirar ƙasarsu, kuma kowane ɓangare ya ajiye kuɗin jingina. Baƙin tsakiyar allo, mai faɗin ƙafa uku, maki huɗu ne, kewayensa uku, gefe biyu. Kamfanonin Remington da Sharps suka ƙera sababbin bindigogi masu ɗuri ta baya musamman domin wannan rana. Abin da na fi so a labarin shi ne masu ƙirar ba su tsaya a bayan fage ba. John Rigby da kansa yana cikin mutum shida na Ailan, a ɓangaren Amurka kuma akwai Lewis Hepburn na Remington da George Yale na Sharps. Ka ƙaddara a ce kowane ɗan kwangila sai ya kwana shekara ɗaya a ƙarƙashin dakalin da ya zuba.

Ranar 26 ga Satumba, 1874, dubban mutane suka taru a filin Creedmoor da ke Long Island. A yadi 800 Amurka ta yi gaba da maki 326 da 317. A yadi 900 Ailan ta rage tazarar, 312 da 310. A yadi 1,000 suka ƙara matsowa, har ta kai sun gama harbinsu suna da 931, Amurka na da 930, saura harsashi ɗaya a hannun Kanar John Bodine. Jim kaɗan kafin nan kwalbar lemo ta fashe masa a hannu, ya ɗaure yankan da hankici, ya kwanta ya harba, ya sami baƙin tsakiya. Aka tashi 934 da 931. Jaridu suka ɗauka, kamfanonin biyu suka sa sunan Creedmoor a jikin bindigoginsu, har yau kuma akwai harsashin da ake sayarwa da wannan suna, ko da yake filin kansa ya daɗe da zama asibitin masu taɓin hankali.

Me wannan rana ta tabbatar? Ta tabbatar da abu ɗaya babba: maganar cewa bindiga mai ɗuri ta baya ba za ta iya karawa a yadi 1,000 ba ta mutu a gaban shaidu. Amma an yi ta faɗin cewa ta nuna ƙirar Amurka ta fi ta Rigby, wannan kuwa alƙaluman ba su faɗa ba. Harbi 270 kowane ɓangare ya yi, bambancin maki uku ne cikin 1,080 da ake iya samu. A nisa biyu mafiya tsawo 'yan Ailan ne suka fi maki. Sannan ɗaya daga cikinsu, J. K. Milner, ya sami baƙin tsakiya a allon da ba nasa ba, aka rubuta masa sifiri bisa doka. Maki huɗu ke nan, a gasar da aka rasa da uku. Da idonsa bai zame zuwa allon maƙwabci ba, da labarin da aka gada shi ne bindigar ɗuri ta baki ta kare martabarta, alhali babu ko ƙusa ɗaya da ta sauya a jikin bindigogin goma sha biyu.

Duk da haka ina ganin daidai ne da aka hana Milner makinsa, kuma 'yan Ailan sun karɓi hukuncin. Harbinsa shi ne cikakken misalin "wanda ya ɓalle" mai uzuri na gaskiya, kowa ya ga inda ya faɗa, kowa ya san bindigar ba ta yi laifi ba. In aka buɗe ƙofar uzuri ga wannan, an buɗe ta ga mai cewa rana ce ta haske masa ido, kuma daga nan gasa ta koma zaman sulhu. Maganin sa'a shi ne a sake karawa. Haka aka yi: a 1875 Amurkawa suka tsallaka teku zuwa Dollymount, kusa da Dublin, suka sake cin nasara da tazarar da ta fi ta farko nesa ba kusa ba. Karo na biyun nan, wanda ba a cika ba da labarinsa ba domin babu kwalbar lemo a cikinsa, ya fi na farkon nauyi a wurina.

Shi ya sa in wani ya nuna mini sakamako, na harbi ne ko na kankare ko na wani magani da ake yabo, tambayata ta farko ita ce yaushe aka sa sharaɗin, kafin gwaji ko bayansa. Ta biyu, nawa aka gwada gaba ɗaya, kuma ina sauran. Mutane sukan ji haushin ta biyun fiye da ta farko, suna ɗauka tuhumar ƙarya ce. Alhali mafi yawan masu takardar aljihu sun gaskata takardarsu da zuciya ɗaya; tunanin mutum ne ke riƙe ranar da ya yi kyau ya saki sauran.

Saura wani abu guda da gwaji mai kyau ma ba ya iya yi, wanda ya faru da Whitworth kansa. Ya ci Enfield a Hythe ci na ƙin ƙari, amma sojan Birtaniya ba su ɗauki bindigarsa a matsayin ta kowane soja ba. Tokar baƙin albarushi tana saurin taruwa a ƙunƙuntaccen bututun nan mai kusurwa shida, har ɗuri ya yi wuya bayan 'yan harbe-harbe in ba a goge ba, kuma kuɗin ƙera ta ya ninka na Enfield. Allon Hythe ya amsa tambayar wace ce ta fi samun inda aka auna. Ba a tambaye shi wace ce yaron da aka ɗauko daga gona zai iya ɗurawa karo na talatin, cikin hayaƙi, hannunsa na rawa ba. Kwamitin da ya duba lamarin a 1859 ya ƙi ta, yana ganin bakin ya yi ƙanƙanta ga aikin soja. Kaɗan daga cikinsu suka ƙetare zuwa yaƙin basasar Amurka, inda 'yan Kudu suka raba su ga zaɓaɓɓun gwanayen harbi, aikin da ya dace da ita ke nan tun farko.

Whitworth bai daina jayayya da hukumomin soja a kan wannan ba. A 1871 Birtaniya ta ɗauki sabuwar bindigar soja, Martini-Henry, mai ɗuri ta baya. Faɗin bakinta inci 0.45 ne, tana murɗa harsashi zagaye ɗaya a inci 22, kusan daidai da alƙaluman da ya fito da su daga rufaffen zaurensa shekara goma sha huɗu kafin nan. Sunayen mutum biyu ne a jikinta, babu nasa.